Zaɓen tsarin waya da saƙon murya ga ƙaramin kamfani

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a ƙirga kiran da ke shigowa lokaci guda, ba yawan ma'aikata ba, don shi ke nuna layi nawa ake buƙata. Mafi yawan masu ba da shawara sun karkata ga wayar intanet saboda sauƙin ƙara layi. Sai dai kowane kira kan ci kusan kilobit 100 na datar intanet a daƙiƙa, kuma da wuta ta ɗauke wayar ta mutu, sai in an tanadi batir. Ni wannan ne ya fi damuna. Saƙon murya kuwa, a zaɓi tsarin da ke tura shi imel, gaisuwar da mai kira zai ji kafin ya bar saƙo ta zama gajeriya. Kafin sa hannu, a tabbatar lambar za ta bi ku in kun sauya kamfanin waya.