Katin hoto na waje a laftof: abin da masu wasa suka yi ittifaƙi a kai

Katin hoto na waje shi ne wanda ake jonawa da laftof ta waya don ƙara masa ƙarfin hoto a wasa. Kafin ka kashe ko sisi, duba ramin laftof ɗinka. USB-C kawai bai wadatar ba. Sai wanda ke ɗauke da fasahar Thunderbolt 3 ko na bayansa, ko USB4 mai wuce da PCIe, wato hanyar da katin ke musayar bayanai da kwamfuta. Wasu tsofaffin laftof layin PCIe biyu kacal suka ba ramin maimakon huɗu, wato rabin hanya. Mac mai furosesa M1 da na bayansa kuwa ba sa karɓar katin waje sam.

Inda aka fi jaddadawa shi ne allo. Haɗa allon waje kai tsaye da katin ta HDMI ko DisplayPort. In ka dage kan allon laftof, hoton zai koma ta wayar da ta kawo bayanan, hanyar ta cunkushe, wasa ya riƙa sarƙewa. Asarar sauri ta fi fitowa in ƙudurin hoton 1080p ne. A 1440p da 4K katin ne ke ɗaukar yawancin nauyi, don haka ba ta cika damuwa ba.

Akwatin da ake sa katin a ciki, irin Razer Core X, yana da wuta wat 650, yana kuma cajin laftof har wat 100. Yi amfani da gajeriyar wayar da ta zo da shi.

Idan Windows ta nuna kuskuren Code 12, guraben adireshin da take rabawa na'urori ne suka ƙare: sabunta BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta, tukuna. Direbobi kuma, wato manhajojin da ke sarrafa katin, in sun rikice, goge su da manhajar DDU ka sa sabo. OCuLink, wani nau'in rami daban, ya fi Thunderbolt 3 da 4 sauri, amma sai ka kashe na'ura kafin haɗawa ko cirewa.