Tambaya kan wani kiɗan Turawa mai amon kakaki

Manomi daga Ringim:
Assalamu alaikum. Daren Talata, bayan mun tashi daga sussukar gero, ƙanena da ke karatu a Dutse ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa, ya ce simfoni (wato dogon kiɗa na taron makaɗa) na 31 ne na wani Bature mai suna Haidin. Da farawarsa sai ƙahoni suka tashi gaba ɗaya har tsikar jikina ta tashi, domin sun tuna mini da busar kakaki ranar hawan salla. Ina roƙon masana su gaya mini ko wane ne mutumin nan, da dalilin da ya sa busar ta yi kama da tamu.

Tsohon malamin makaranta, Gumel:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kunnenka bai yaudare ka ba. An haifi Haidin a ƙauyen Rohrau na ƙasar Ostiriya a 1732, ɗan wani mai ƙera ƙafafun amalanke, ya rasu a Biyana, babban birnin ƙasar, a 1809. Makaɗin fada ne, domin tun 1761 yake hidima a gidan sarautar Esterhazi, kuma a can ya tsara wannan kiɗa a 1765, zamanin Yarima Nikolas. Abin da ya fi burge ni shi ne, makaɗan gidan ba su kai ashirin ba, amma huɗu daga cikinsu mabusa ƙaho ne, alhali biyu aka saba sakawa, Haidin kuwa da ya ga yana da mutane huɗu a hannu sai ya tsara abin da zai fito da gwanintar kowannensu.

Kamannin da ka ji kuma daga ƙirar ƙahon ya samo asali. Ƙahon wancan zamani dogon bututun tagulla ne da aka naɗe, ba shi da maɓalli ko ɗaya, sai wajen 1815 aka ƙirƙiro maɓallan a Jamus. Da leɓe da ƙarfin numfashi mabushi yake sauya amo, wani lokaci ya cusa hannu a bakin ƙahon, saboda haka amon da yake iya fitarwa ƙidayayyu ne, kamar dai na kakaki. Busar farkon nan kuwa daga kiran soja da na masu kai wasiƙa aka ɗauko ta.

Jikan mabushi, Haɗeja:
Allah ya gafarta Malam, na ƙaru ƙwarai, sai dai ina da ɗan gyara. Kakana ya yi shekaru yana busa kakaki, kuma ina yaro na sha riƙe masa gaɓoɓinsa yana haɗa su. Kakaki magana yake yi, kirarin sarki yake furtawa, wanda duk ya san fada yana jin kalmomin, kuma ba a busa shi ga kowa sai mai sarauta. Na saurari kiɗan nan sau biyu ban ji yana faɗin komai ba. A ganina ya fi kusa da ƙahon mafarauta, wanda kira ne kawai.

Malama daga Kazaure:
Yayana na Ringim, kada ka tsaya a kashin farko, domin kashi huɗu ne. A na ƙarshe Haidin ya ɗauki kari ɗaya mai sanyi ya juya shi sau bakwai, sarewa ta karɓa, goge ya karɓa, har babban goge mai kaurin murya ya samu rabonsa, sannan kiran ƙahon farko ya dawo ya rufe. Idan za ka nema a YouTube, ka rubuta Haydn 31, kuma ka zaɓi waɗanda suke busa tsohon ƙaho marar maɓalli.

Manomi daga Ringim:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ƙanena zai dawo ranar Juma'a, zan sa ya sauke mini shi cikakke, domin sabis ba ya zama a garinmu sai an hau tudun makaranta.