Ko da sauran daɗi a sake buga The Colonel's Bequest bayan an san mai kisan?

Maibincike:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa buga The Colonel's Bequest, wasan kwamfuta na binciken kisan kai da kamfanin Sierra ya fitar a 1989, wanda Roberta Williams ta tsara. Na buga shi ina ɗan shekara goma sha uku da ƙamus a gefena, domin sai an rubuta umarni da Turanci kafin Laura Bow, jarumar wasan, ta ɗauki wani abu ko ta yi wa wani tambaya. Yanzu marmarinsa ya taso mini, sai dai har yau ban manta wanda ya yi ta hallaka baƙin Kanal Dijon ɗaya bayan ɗaya ba. Shin wasan da armashinsa gano mai laifi ne zai yi wa wanda ya riga ya san amsar daɗi? Kuma da me zan kunna shi a kwamfutar zamani?

Uwar Sadiya:
Wa alaikumus salam, Malam. Na sake buga shi bara, kuma a ganina karo na biyu ya fi na farko, saboda sanin mai kisan shi ne mafi ƙanƙantar abin da wasan yake nema daga gare ka. Ka tuna cewa agogon gidan ba ya tafiya da kansa. Sai ka shiga wani ɗaki ka ga wani al'amari, sannan lokaci ya matsa da kwata guda, kuma duk hirar da ake yi a wani ɗakin a wannan lokacin ta wuce ka ke nan. Don haka mutum yana iya ƙare babi takwas ɗin nan kaf bai san dalilin gabar da ke tsakanin rabin mutanen gidan ba.

Ina yarinya ban taɓa sanin cewa ana iya ture babban agogon da ke zaure a shiga wata ɓoyayyar hanya a cikin bango ba, inda ake leƙen mutane ta idanun hotunan da aka rataye. A irin waɗannan hanyoyin ne na ji irin maganganun da lauya Clarence da likita Wilbur suke yi idan suna zaton babu mai jin su, sai na fahimci cewa kusan kowa a gidan yana da abin ɓoyewa game da gādon Kanal. Kada ka manta da aku ɗin ma, idan ka ba shi biskit yana maimaita abin da ya ji.

Injiniya Bala:
Game da kunna shi, ScummVM ya wadatar, DOSBox ma yana yi (manhajoji ne na kunna tsofaffin wasanni a kwamfutar zamani), muddin kana da fayilolin wasan. Tun farko zai nuna maka zanen yatsa ya ce ka faɗi na wane ne, kuma amsar tana cikin takardar da ke zuwa da wasan, don haka ka tanade ta. Ka riƙa adana wasanka a kai a kai, domin fitilar da ke rataye a tsakiyar zaure tana nan tana jiran wanda zai bi ta ƙarƙashinta.

Dattijo89:
Ni ban yarda da Malama ɗari bisa ɗari ba. Tsoron da na ji a da, lokacin da na koma inda na bar gawa na tarar babu ita, bai dawo ba ko kaɗan, kuma Laura 'yar kallo ce kawai, ba ta iya ceton kowa sai a ƙarshe. Abin da ya riƙe ni shi ne zanen. Da launi 16 kacal aka fito da gidan gona a tsakiyar fadamar Louisiana cikin daren 1925, kuma har yanzu yana sa tsigar jiki ta tashi. Idan so kake a gwada basirarka da gaske, ka nemi na biyunsa, The Dagger of Amon Ra na 1992, inda a ƙarshe ake titsiye ka da tambayoyi kan kowane kisa.

Maibincike:
Na gode muku ƙwarai. Na tuna cewa a ƙarshen wasan ana nuna littafin bayanan Laura tare da matsayin da mutum ya samu, kuma nawa a wancan lokacin kusan fanko ne. Zan fara da neman hanyar da ke bayan agogon. Malama, a wane babi ne Clarence da Wilbur suke wannan hirar, kada in sake wuce ta?