Wa ya taɓa ɗora wa tsohon inji kan silinda mai matsi?

Mai tambaya, daga Ringim:
Assalamu alaikum. Land Rover ɗin marigayi mahaifinmu ce, mai injin fetur lita 2.25, da ita nake kwaso shinkafa daga fadama. In ta shiga yashi da lodi sai ta yi sanyi. Na samu kan silinda (murfin saman inji) a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano mai matsi 8:1, nata kuwa 7:1 ne, wato sabon ya fi matse mai da iska; ina so in ɗora mata don ta ƙara ƙarfi. Ba na son in kashe motar nan da hannuna. Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Bakanike, daga Gumel:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Na yi wa maigidana irin wannan aikin. Kafin ka biya, goge saman kan da tsumma da kananzir, ka ga lamba 8 da aka buga da idonka. Ƙarfi kam ya ƙaru, tudun da motar take hawa a giya biyu ta koma hawa a uku, shan mai ma ya ragu.

Amma ranar farko na sha jinin jikina. Muna barin gari na taka ta, sai na ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa kafin lokacinsa saboda matsi ya yi yawa. Na tsaya gindin wata tsamiya, na sassauta dilko (mai raba wa fulogogi wuta), na ja taimin, wato lokacin ba da wutar, baya kaɗan, na sake gwadawa, har sau uku kafin ƙarar ta ɗauke. Wanda ya toshe kunne ya ci gaba da tafiya da ƙarar nan, fistin zai huje. Sannan wajen ɗora kan, ka ɗaure notunansa daga tsakiya zuwa gefe, ka saita bawul a 0.25 milimita, in inji ya ɗan yi aiki ka sake bin notunan.

Direba, daga Wudil:
Ni dai na ci wuya. Akori-kurata Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna. Ban sayi sabon kai ba, na kai nata aka kankare, wai ta ƙara gudu. Ashe rin, wato zoben fistin, ya riga ya cinye. Sati biyu ba a yi ba ta fara hayaƙi, baƙin mai na tsartuwa ta wajen ma'auni. Ranar Juma'a, da awaki a baya, ta tafasa mini a hanyar kasuwa. Da aka buɗe, ruwa ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar koko. Yaron da ya yi aikin ya juya inji bayan an cire kai, silif (bututun da fistin ke kai-komo a ciki) ya motsa, ruwa ya samu hanya. Ɗan'uwa, a auna maka matsin kowane silinda, a duba mital (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai), tun ba ka kwance komai ba.

Wani, daga Ɗambatta:
Ku ƙara da batir. Tawa, bayan an ƙara mata matsi, da sanyin safiya sai an tura, don kik ba ya iya juya ta. Sai da na canza batir, na kuma wanke lagireto kafin zafin bazara.

Bakanike, daga Gumel:
Gaskiyar Malam. Kuma man bumburutu na galan, ka ƙaurace masa.

Mai tambaya, daga Ringim:
Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar zan kai a auna matsin. In rin ya gaji, kan zai jira a ɗaki har in sayar da shinkafa. Oga na Gumel, gasket ɗin 7:1 (shimfiɗar da ke tsakanin kai da inji) zai hau, ko sai na nemi wani?