Ina zan samu mai koya wa yaro magana a Katsina, kuma inshora tana biya?

Maman Khalifa, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana ya haura shekara 3, amma har yanzu daga "Umma" sai "ruwa" yake iya faɗa. In yana son abu sai ya kama zanena ya ja ni har gaban abin ya nuna. Surukata ta ce nauyin baki ne, babansa ma haka ya yi, a ƙyale shi. Maƙwabciyata kuma ta ce linzami ne, a kai shi wajen wanzami. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Na ji akwai ƙwararru da aikinsu ke nan, gyaran magana. Ta ina zan fara nema? Sannan maigida ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, muna cikin NHIA, inshorar lafiya ta ƙasa. Tana ɗaukar irin wannan?

Anti Nas, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, don Allah kada aska ta taɓa bakin yaron nan. Linzami ba ya hana yaro sanin kalmomi. Ɗan shekara 2 ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu, irin "zo nan", don haka damuwarki tana kan hanya. Abin farko shi ne gwajin ji, domin yaron da ba ya ji sosai ba shi da abin da zai kwaikwaya. Sanƙarau, ƙyanda, shawara mai tsanani lokacin jarirantaka da yawan ciwon kunne duk suna iya rage ji. Kada ki ce ai yana juyowa in an buga ƙofa; yaro kan ji ƙara mai ƙarfi amma magana ta wuce shi. Ki nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda muka saba kira FMC.

Abu Safiya, Daura:
Hajiya, ni kan inshorar zan yi magana, tunda na bi hanyar saboda in'inar 'yata. NHIA tana ɗaukar ma'aikaci da matarsa da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, sai ki fara tabbatar sunan Khalifa yana ciki. Ku je asibitin da kuka yi rajista, likita ya rubuta takardar tura ku gaba, su nemo lambar amincewa daga HMO ɗinku, wato kamfanin da ke kula da inshorarku. In babu lambar nan, daga aljihu za ku biya. Ki sa maigida ya kira HMO ya yi tambaya biyu daban: gwajin ji, da kuma zaman koyon maganar kansa, zama nawa suke biya. Ya ce su turo amsar a rubuce, ko ta tes ce.

Masu wannan aiki ba su da yawa a Arewa, ba mamaki a tura ku Asibitin Malam Aminu Kano ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Wanda duk kuka samu, musamman mai zaman kansa, ku nemi shaidar rajistarsa da MRTB, hukumar da ke ba su lasisi. Ma'aikatan jiha masu karantawa, ku taku hukumar inshorar lafiya ta jihar Katsina ce.

Maman Khalifa:
Allah ya saka muku da alheri. Anti, kin tuna min, bara kunnensa na dama ya yi ta zubar da ruwa, muka ɗiga magani ya tsaya. In faɗa wa likita?

Anti Nas:
Ƙwarai, shi za ki fara faɗa ma. Kafin ranar, ki riƙa durƙusawa daidai fuskarsa kina ambaton abin da ya nuna, "kofi", "takalmi", ki ɗan jira ko zai gwada kafin ki miƙa masa. A rage masa waya. Allah ya buɗe bakinsa.