Amoniya ta ƙi sauka a tankin kifina

Assalamu alaikum. Ina Tarauni, ina da tankin gilashi mai lita 60 da kifin ado guda 6. Sati biyu ke nan duk sanda na gwada ruwan, amoniya (gubar da ke taruwa daga kashin kifi da ragowar abinci) tana kan 2 ppm (ma'aunin yawanta a cikin ruwa). Kifayen sun dawo saman ruwa suna ta buɗe baki, gefen kansu inda suke numfashi ya yi jawur. Jiya da asuba na tarar ɗaya ya mutu a kan tsakuwa.

Na rage abinci zuwa sau ɗaya a rana, kullum ina canja sulusin ruwan da na burtsatse. Amoniyar takan ɗan sauka da safe, kafin la'asar ta dawo.

Ina zargin kaina ne: na wanke soson filta (na'urar tace ruwan tanki) tas da ruwan famfo, ashe sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo yana kashe bakteriyar da ke cinye amoniya. Ga ɗauke wuta, filta takan yi awa 8 a tsaye, cikin wannan zafi.

Don Allah, ta yaya zan farfaɗo da bakteriyar filta alhali wuta ba ta zama, kafin sauran biyar su mutu?