Tayar ƙanƙara a kwaltar Kaduna: riba ce ko kasada?

Direban Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kafin in yi lodin Abuja gobe. Jiya na sayi taya biyu 'yan Beljiyam na sa a gaban Sharon ɗina. Zanensu da zurfi, ga wasu 'yan tsage-tsage kamar an bi su da reza, a gefe kuma akwai hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar fure a tsakiya. Mai shagon ya ce tayar ƙanƙara ce, wai abin da ya riƙe ƙanƙara, kwalta wasa ce a wurinsa. Amma yaron da ya ɗaura min su ya ce in yi hattara. Wa ke da gaskiya?

Alhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Ba a wurina ka saya ba, amma ni ma abin da nake gaya wa mutane ke nan. Danna farcenka a jikin robar ka ji laushi. Taya mai laushi ita ke kama titi. Kuma mu daina yaudarar kanmu: tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, sabuwar taya mai suna ta fi ƙarfin direban haya. Da hanau gara mannau.

Bakaniken Panteka: Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka nake magana, amma laushin nan da kake yabo shi ne matsalar. An haɗa robar ne don kada ta ƙame idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. To a Kaduna yaushe muka ga digiri 7? A watan Maris da Afirilu zafi na dosar 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Robar da aka yi wa sanyi, in ta hau wannan wuta sai ta ƙara yin laushi, zanen ya riƙa lanƙwashewa a ƙarƙashin mota.

Direban Kawo: Amma ai muna da hunturu mu ma, Oga.

Bakaniken Panteka: Sunan ne ɗaya. Namu ƙura ce da busasshen iska, da hantsi ya ɗaga kwalta ta ɗau zafi.

Ɗan Tudun Wada a Jamus: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ku bar ni in faɗi abin da na gani da idona, don ni na hau irin tayar nan a inda aka yi ta dominsa, kuma mai arahar na hau.

Shekarata ta farko a kudancin Jamus ba ni da kuɗi, sai na sayi sababbin tayoyin hunturu guda huɗu mafi araha da na samu. A dusar ƙanƙara, wallahi ban da abin cewa. Akwai wata 'yar gangara a unguwarmu, wata safiya na tarar da wata babbar mota mai tayar rani, wato wadda aka yi don lokacin zafi, tana ta wulwula ƙafa a wuri ɗaya, ni kuwa da 'yar tsohuwar motata na haye a giya ta biyu. Tsage-tsagen nan da Yaya Direba ya gani su ne sirrin. Suna buɗewa su cika da dusar, dusar kuma ta kama 'yar'uwarta ta ƙasa. A nan, ko mai araha ta fi tayar rani mai tsada, ba ma kusa ba.

Ƙanƙara daskararra kuwa wata magana ce daban. Ita ce wadda ruwa ke kwanciya a titi da dare ya daskare, ka gan shi kamar kwalta ce jiƙaƙƙiya. Wata asuba ina tafiya a hankali na taka birki a mahaɗa, na ji ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya, na bugun tafin ƙafata, motar kuma ta ci gaba da sulalewa har na wuce layin tsayawa. Allah Ya tsare babu mota mai ƙetarewa. Na daɗe hannuna na rawa a kan sitiyari. A kan irin wannan, taya mai ƙusoshi ce ke kamawa sosai, irin wadda ake hawa a Finland da Sweden da Norway, a Jamus kuwa an hana ta saboda tana cin titi.

Abin da ya shafe ku shi ne na uku. A nan ana cewa daga Oktoba zuwa bikin Ista, wajen Maris ko Afirilu, ake hawa tayar hunturu. Ni na yi sakaci na bar ta har rana ta buɗe, titi ya bushe. Sai na ji motar kamar tana tafiya a kan katifa. In na juya sitiyari sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta amsa, birki kuma ya ƙara tsawo. Cikin 'yan makonni na ga gefen zanen ya fara cinyewa. Wannan fa zafin Jamus ne, wanda a Kaduna za mu kira shi yanayi mai daɗi.

Alhaji Mai Taya: Ɗana, ka ce da bakinka mai araha ka saya. Waɗanda ke zuwa mana akwai Continental, akwai Michelin, akwai Nokian. Ba a haɗa su da tarkace.

Ɗan Tudun Wada a Jamus: Gaskiya ne Baba, akwai bambanci. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, na gwada tayoyi duk shekara, kuma abin da ke yawan fitowa shi ne masu araha da dama kan yi ƙoƙari a dusa, sai su kasa a jiƙaƙƙen titi ko busasshe. Masu tsada sun fi iya haɗa duka. Amma ko Nokian, kamfanin Finland da ya fara yin tayar hunturu a 1934, ba don zafin Afirilu na hanyar Zariya ya yi ta ba. Sannan Baba, ka taɓa tambayar me ya sa suka cire ta alhali zanenta na nan? Doka a Jamus milimita 1.6 ce, amma shawarar da ake bi ita ce a sauya tayar hunturu in ta sauka ƙasa da milimita 4. A Ostiriya ma doka ba ta ɗaukarta tayar hunturu in ba ta kai 4 ba. Mu sai mu gan ta kamar sabuwa.

Hajiya ta Barnawa: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni tawa M+S aka rubuta a jiki, babu hoton dutse. Yara nake kaiwa makaranta kullum. Ita ma ta ƙanƙarar ce? Kuma da damina fa? Ina ce zane mai zurfi ya fi korar ruwa.

Alhaji Mai Taya: Yauwa Hajiya, Allah Ya yi miki albarka. Ga tambayar da nake so su amsa.

Bakaniken Panteka: Hajiya, M+S na nufin laka da dusa, kuma kamfani ne ke rubutawa da kansa ba tare da an tilasta masa wani gwaji ba. Tayoyi da yawa na kowane yanayi suna ɗauke da shi, don haka kada hankalinki ya tashi. Hoton dutsen nan shi ne shaidar an gwada ta a dusa ta ci. Shi ya sa Jamus ta daina karɓar M+S kaɗai a ranar da ake dusa ko ƙanƙara tun daga Oktoban 2024. Maganar damina kuwa, zan ba Alhaji gaskiyarsa rabi. Zane mai zurfi yana korar ruwa, kuma ya fi suɗaɗɗiyar taya sau dubu. Amma ruwan Agusta a Kaduna ruwa ne mai ɗumi, a kansa tayar rani mai lafiya ta fi saurin tsayawa.

Alhaji Mai Taya: To ai maganata ke nan. Direban da ke Kawo ko Mando ba tsakanin wannan da sabuwar Michelin yake zaɓe ba. Tsakaninta ne da tayar da waya ta fito. Ni na san halin da mutanen nan ke ciki, wasu da bashi suke ɗauka.

Bakaniken Panteka: Akwai na uku Alhaji: sabuwa 'yar Sin mai zanen rani. Ba ta kai manyan ba, amma ka san shekarunta, ka san ba a taɓa yi mata faci ba.

Mai Faci na Mando: Ni ba ni da ilimin boko, abin da hannuna ke taɓawa zan faɗa. Idan mota ta shigo daga Zariya da azahar a watan zafi, irin tayar nan ba na iya barin tafin hannuna a kanta. In ka shafa zanen ta gefe ɗaya sumul, in ka dawo da hannu sai ka ji kaifi kamar haƙoran zarto. Wata uku huɗu ta tafi. Wanda ya ga araha ya saya, zai dawo ya sake saya. Kuma Direba, wa ya ce ka sa biyu kawai a gaba? Bayanka wane iri ne?

Direban Kawo: Na rani ne, tsofaffina.

Mai Faci na Mando: Kai! Gaba na riƙo daban, baya na riƙo daban, ga mutum bakwai da kaya a but. In ka kauce wa rami a guje ba za su amsa tare ba. Je ka duba min gefen tayar, inda aka rubuta DOT. Lamba huɗu na ƙarshe nake so. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara.

Direban Kawo: Na haska da fitilar waya. Ɗaya 4116, ɗayar 3817. Ga wasu 'yan tsaga ƙanana a gindin zanen, ban lura da su jiya ba.

Mai Faci na Mando: Mako na 41 na 2016 da mako na 38 na 2017 ke nan. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take cewa daga ranar ƙera ta. Ko su kamfanonin da ke da sassauci sun ce kada ta wuce goma.

Alhaji Mai Taya: Innalillahi. A'a, wannan kam ban goyi baya ba. Ni ba na ajiye mai irin wannan shekaru a shagona. Amma ku lura, tsufa ne laifinta, ba don ta ƙanƙara ba ce. Har gobe ina kan bakana, in ƙarama ce mai shekara biyu uku, kuma cikin gari za a hau, zan sayar.

Bakaniken Panteka: Cikin gari da sauƙi, Alhaji. Hanyar Abuja da fasinja ce ba zan sa hannu ba, ko bara aka ƙera ta.

Direban Kawo: Na kira sakataren tasha na ce a ba na bayana layina. Da safe zan mayar masa da su, in ya ƙi karɓa sai in san yadda zan yi. Alhaji, kana da sabuwa lamba 16 'yar Sin? Rabin kuɗin zan iya bayarwa yanzu.

Alhaji Mai Taya: Zo bayan ƙarfe tara. Ka taho da Mai Faci ya karanta lambar da kansa.